Daga Kusugu Zuwa Bakin Dutse Mai Aman Wuta: Hanyar Karatu Ga Mai Son Zama Masanin Aman Duwatsu

Da wuya a samu mai riƙe da babbar waya da bai taɓa cin karo da bidiyon dutse yana aman wuta ba. Jan narkakken dutse yana malala kamar kunu, toka ta turnuƙe sama, jirgi maras matuƙi yana shawagi yana ɗauko hoto. Yawancin masu kallo kan danna alamar so su wuce. Amma akwai mutanen da wannan dutsen ne wurin aikinsu: su ne ke auna shi dare da rana, su ne kuma ke gaya wa hukuma lokacin da ya kamata a kwashe jama'a.

Matashin da ya tashi a unguwar Kusugu a Daura zai iya ɗauka cewa wannan sana'a ta mutanen Japan ce ko Italiya. A garinsu ruwa aka sani, ba wuta ba, domin kowane yaro ya san labarin rijiyar Kusugu da macijin da Bayajidda ya kashe. Sai dai duwatsun yankin suna da nasu labarin da ya girmi rijiyar nesa ba kusa ba. Wannan maƙala za ta bayyana wannan labari, da irin aikin da masanin aman duwatsu ke yi a yau, da matakan da ɗalibi zai bi har ya kai digiri na biyu da na uku a fannin.

Ƙasar Daura ma ta taɓa ganin wuta

A shekarar 1974 wasu masana biyu, D. C. Turner da P. K. Webb, sun wallafa bincike a mujallar ƙungiyar masana duwatsu ta Landan kan wasu duwatsu da ke yankin Daura. Sun nuna cewa duwatsun mahaɗi ne a cikin wata doguwar sarƙa da ta haɗa Najeriya da kudancin Nijar. Sarƙar ta faro daga duwatsun Azbin, ta biyo ta Damagaram, ta ratsa Daura, ta wuce Dutse ta Jigawa, da Shira da Ningi a Bauchi, da Riruwai a Kano, da tsaunukan Jos, har zuwa Afu a Jihar Nasarawa. Tsawonta ya haura kilomita 1,000.

Masana na kiran wannan jeri da sunan ƙananan duwatsun giranait, domin sun fi sauran giranait ɗin ƙasar ƙuruciya. Da yawansu a zagaye suke kamar zobe, kuma akwai dalili. Kowane zobe saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ce. Dutsen ya yi amansa ya mutu, rufinsa ya rufta ciki, sannan ruwan sama da iska suka yi miliyoyin shekaru suna cinye samansa har gindin ya bayyana.

Abin mamakin shi ne shekarun duwatsun na raguwa idan ana tafiya kudu. Na Azbin sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram suna wajen miliyan 300. Na Dutse an auna musu kimanin miliyan 213, na Afu kuma miliyan 141. Kamar dai wutar tana ƙaura ne sannu a hankali daga hamada zuwa kogin Binuwai. Masana na ta muhawara kan abin da ya jawo haka, wasu na cewa wata matattarar zafi ce a ƙarƙashin nahiyar, wasu na cewa tsagewar ɓawon ƙasa ce ke buɗewa bi da bi. Wannan tambaya ce da ke jiran masu bincike, kuma ɗan Daura a kan wani ɓangare na amsarta yake tafiya.

Waɗannan duwatsu sun mutu murus, ba za su sake amai ba. Amma sun bar gado: kuzar da ta sa Jos ta yi suna a duniya, da ma'adinan Riruwai, daga cikinsu suka fito.

Me ke sa dutse ya yi amai?

A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da wani ɓangare na dutse. Narkakken dutsen, wanda ake kira magma, ya fi daskararren da ke kewaye da shi rashin nauyi, don haka yakan riƙa tasowa sama. A cikinsa akwai iskoki a narke: tururin ruwa, da iskar kabon, da iskar farar wuta. Yana matsowa sama matsin da ke danne shi yana raguwa, sai iskokin su fara kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an girgiza ta aka buɗe murfi.

Irin aman ya danganta da kaurin magmar. Mai ruwa-ruwa, wadda ke daskarewa ta zama baƙin dutsen da ake kira basalt, takan fito da zafin digiri 1,000 zuwa 1,200 a ma'aunin Selshiyos, ta malala ba tare da tashin hankali sosai ba. Mai kauri kuwa takan riƙe iskar har sai ta fashe. Duk wadda ta taɓa tsayawa kan tukunyar tuwo ta san bambancin: ruwa na tafasa salin-alin, amma talge mai kauri tsartuwa yake yi ya ƙona hannu.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa akwai duwatsu kusan 1,350 a duniya da za su iya amai. A kowane lokaci kuma akan samu 40 zuwa 50 da ke cikin amai.

Ina ruwan ɗan Najeriya da wannan ilimi?

Ba a taɓa rubuta aman dutse a Najeriya a tarihin ɗan'adam ba, amma akwai duwatsun da a lissafin masana jiya-jiya suka yi shiru. A tudun Biu na Jihar Borno akwai ƙoƙunan aman wuta fiye da 80, kuma tafkin Tila a cikin bakin ɗaya daga cikinsu yake. A Jihar Filato akwai na Kerang da Panyam a ƙaramar hukumar Mangu, da tafkin Pidong. A Azbin ma, ban da tsofaffin zobba, akwai sababbin ƙoƙuna a yankin Todra.

Haɗarin da ya fi kusa yana ƙetaren iyaka. Dutsen Kamaru, mai tsayin mita 4,040, ya yi amai a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a gindinsa daga magmar da ke ƙasa. Iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka ta kore iskar numfashi. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, cikinsu har da garkunan Fulani makiyaya. Babu wuta, babu toka. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos don fitar da iskar a hankali.

Nyos ya shafi Najeriya kai tsaye. An daɗe ana fargabar cewa gaɓar da ta tare ruwan tafkin mai rauni ce, kuma idan ta ɓalle ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala zuwa jihohin Taraba da Binuwai. Wannan na cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Taraba, wadda kuma ke iya samar da megawat 40 na lantarki.

Mahajjata ma kan ga aikin aman wuta da idonsu. Baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina daskararriyar magma ce. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin birnin, narkakken dutse ya yi kwana 52 yana fita, ya malala kimanin kilomita 23, ya tsaya 'yan kilomitoci kafin gari. A 2009 kuma, girgizar ƙasa fiye da 30,000 a yankin Al-Ays ta sa hukumomin Saudiyya kwashe mutum kusan 40,000. Magma ce ta taso har kusa da doron ƙasa, sannan ta tsaya.

Amfanin masanin yana fitowa fili idan aka kwatanta waƙi'o'i biyu. A Kwalambiya, ranar 13 ga Nuwamba, 1985, dutsen Nevado del Ruiz ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, taɓo ya binne garin Armero, mutum kusan 23,000 suka mutu, alhali akwai taswirar da ta nuna garin na cikin haɗari. A Filifin kuwa, a 1991, masana sun lura da alamun dutsen Pinatubo, hukuma ta saurare su, aka kwashe dubun-dubatar mutane kafin babbar fashewar 15 ga Yuni. An ƙiyasta cewa an ceci rai aƙalla 5,000. Ke nan aikin bai tsaya ga awo ba, sai an iya yi wa jama'a bayani da harshen da za su yarda.

Yawancin aikin ya koma kan kwamfuta

Hoton da aka saba gani shi ne na mutum cikin riga mai ƙyalli yana ɗibar wuta da doguwar sanda. Ana yin haka, amma ɗan kaɗan ne daga cikin aikin. Mafi yawan lokacin masani yana ƙarewa ne gaban allon kwamfuta yana tace bayanai. Dutse kan nuna alamu iri huɗu kafin ya yi amai, kuma kowace da na'urarta.

Ta farko girgiza. Magma na tasowa tana fasa duwatsu, sai a samu ƙananan girgiza da mutum ba ya ji. Na'urorin auna girgizar ƙasa da aka binne kewaye da dutsen kan turo bayanai kowace daƙiƙa ta intanet ko rediyo. Masu bincike da yawa na tace su da ObsPy, wani kundin manhaja na kyauta a yaren Python.

Ta biyu kumburi. Dutse kan kumbura idan magma ta taru a cikinsa. Ana auna wannan da na'urorin GPS masu ganin motsin milimita, da kuma taurarin ɗan'adam masu radar. Tauraron Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, yana komawa kan wuri ɗaya duk kwana 12. Idan aka haɗa hotuna biyu na wuri ɗaya, sai a samu zane mai zobban launi, kowane zobe na nufin ƙasa ta motsa da kimanin santimita 2.8. Hotunan kyauta ne ga kowa. Yawansu ya fi ƙarfin idon mutum, shi ya sa masana a Jami'ar Bristol ta Ingila suka koya wa ƙirƙirarriyar basira gano dutsen da ke kumbura daga cikin dubban hotuna.

Ta uku iska. Ƙaruwar iskar farar wuta na nuna magma ta matso. Ana auna ta daga ƙasa, da jirage marasa matuƙa, da tauraron Sentinel-5P da aka harba a 2017. Ta huɗu zafi, wanda kyamarorin ganin zafi ke ɗaukowa daga sama.

Duk wannan ya dogara ne da wuta da intanet da mutanen da suka iya gyara. Kafin dutsen Nyiragongo ya yi amai a kusa da birnin Goma na Kwango ranar 22 ga Mayu, 2021, inda mutum fiye da 30 suka mutu, rahotanni sun nuna cewa cibiyar da ke sa masa ido ta yi watanni tana fama da rashin kuɗin intanet da na man mota. Don haka matashin da ya iya haɗa sola, da saita na'urar sadarwa, da rubuta manhaja, yana da abin da cibiyoyin Afirka ke buƙata ƙwarai.

Matakan karatu

Ba a fara wannan fanni daga digiri na farko. Ana shiga ne ta ƙofar jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, ko jiyofiziks, ko fiziks, ko kemistiri. Wasu ma daga lissafi ko kimiyyar kwamfuta suke shigowa.

A sakandare ana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Darussan da ake haɗawa a JAMB sun ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka sai a duba kundin hukumar na shekarar kafin a cike fom. A Arewa akwai sashen jiyoloji a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Jos, da ta Maiduguri, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da jami'ar fasaha ta Minna. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Karatun shekara 4 ne, ko 5 a jami'o'in fasaha.

A wannan mataki darussa huɗu ne ginshiƙi: nazarin duwatsun da suka samu daga magma, da sinadaran duwatsu, da jiyofiziks, da zanen taswira a daji. Ɗalibin da ke gudun lissafi zai sha wahala a gaba. Sakamako ma na da muhimmanci, domin yawancin masu ba da tallafin karatu na neman aƙalla digiri mai daraja ta biyu babba.

A digiri na biyu ake kama hanya. A gida, ɗalibi kan yi rajista a ɓangaren nazarin duwatsu ko sinadaransu ko jiyofiziks, sannan ya zaɓi batun bincike da ya shafi aman wuta. Malamai a Jami'ar Jos sun daɗe suna nazarin ƙoƙunan Filato da Biu. A waje kuwa akwai inda fannin ke da kwas nasa na kansa, kamar Jami'ar Bristol, da Jami'ar Clermont Auvergne ta Faransa mai babbar cibiyar nazarin magma. Akwai kuma Jami'ar Aisland, da jami'o'in Italiya da Japan da Amurka, da Jami'ar Buea da ke gindin Dutsen Kamaru.

Digiri na biyu kan ɗauki shekara 1 zuwa 2. Na uku kan ɗauki 3 zuwa 4 a Turai, 5 ko fiye a Amurka. Idan aka haɗa da digiri na farko da hidimar ƙasa, ana maganar shekara 10 ko sama da haka. Wanda zai shiga ya san da wannan tun farko, ya kuma yi shawara da iyayensa.

Wa zai biya?

Kuɗin karatu a waje ya fi ƙarfin yawancin gidaje, don haka hanyar ita ce tallafi. A gida akwai PTDF, wadda jiyoloji ke cikin fannonin da take ɗaukar nauyi, da TETFund ga malaman manyan makarantun gwamnati. Cibiyar Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Ibadan na ba da digiri na biyu da na uku a kimiyyar ƙasa tare da tallafi. A waje akwai tallafin Commonwealth na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da MEXT na Japan, da Erasmus Mundus na Turai. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya na da difloma ta shekara ɗaya a fiziks na duniyar ƙasa, wadda aka tsara domin ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Jami'ar KAUST ta Saudiyya kan ɗauki nauyin ɗalibanta gaba ɗaya, kuma ana nazarin motsin ƙasa da radar a can.

A ƙasashe da yawa ɗalibin digiri na uku a kimiyya ba ya biya, shi ake biya, domin yana taya malami bincike ko koyarwa. Dokokin biza kan canza, sai a riƙa duba shafin ofishin jakadanci kafin a kashe kuɗin jarrabawar IELTS ko TOEFL.

Gargaɗi ɗaya: tallafin karatu na gaskiya ba ya bi ta hannun dillali. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp ko Telegram yana neman kuɗi don ya samo gurbi, ɗan damfara ne. A shiga shafin hukumar kai tsaye, a kuma duba adireshin shafin da kyau kafin a saka lambar fasfo.

Abin da ke sa a ɗauki ɗalibi

Malamin da ke da gurbi ɗaya kan samu wasiƙu da yawa, kuma kusan duk iri ɗaya: kowa na cewa yana sha'awar duwatsu tun yana yaro. Wanda ya zo da takamaimiyar tambaya da ɗan aikin da ya riga ya fara shi ake kulawa. A nan ne ɗan Arewa ke da abin da ɗan Landan ba shi da shi, domin da ɗan gari akan ci gari. Ga misalan tambayoyin da za a iya ɗauka daga gida.

Na farko, ina iyakar tsohon zoben Daura a ƙarƙashin rairayi? Ƙasa ta rufe da yawa daga duwatsun wannan yanki, amma awon maganaɗisun ƙasa na iya ganin abin da ido ba ya gani. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, na da bayanan awon maganaɗisu da jiragen sama suka tattara a faɗin ƙasar, kuma masu bincike na neman su a wurinta.

Na biyu, yaya tsofaffin duwatsun ke shafar ruwan ƙarƙashin ƙasa? Abin da ke sa rijiya irin ta Kusugu ta daɗe tana ba da ruwa, wata kuma a tona a tarar da dutse, yana da alaƙa da irin dutsen da tsagoginsa. Wannan bincike ne da zai amfani masu haƙa rijiyar burtsatse.

Na uku, ko ƙasa na motsi a tudun Biu? Ana iya dubawa da hotunan Sentinel-1 ba tare da an bar ɗaki ba. Na huɗu, wace irin iska ce ke narke a tafkunan Tila da Pidong?

Wasiƙar imel zuwa ga malami ta zama gajera: sunan ɗalibi da digirinsa, wace maƙalar malamin ya karanta, tambayar da yake son bi, da mahaɗin shafinsa na GitHub inda ya ajiye taswira ko manhajar da ya rubuta. Malamai biyu da suka san aikinsa da gaske su rubuta masa shaida. Faransanci ma jari ne, domin ana aiki da shi a Faransa da Kamaru da Kwango, kuma ga wanda ke zaune kusa da iyakar Kwangwalam samun mai koya masa ba wuya ba ne.

Gaskiyar da ba a faɗa a bidiyo

Aikin na da haɗari. Ranar 3 ga Yuni, 1991, guguwar toka mai zafi daga dutsen Unzen na Japan ta kashe mutum 43, cikinsu har da shahararrun ma'aurata masana Katia da Maurice Krafft. A Janairun 1993 dutsen Galeras na Kwalambiya ya kashe mutum 9, shida daga cikinsu masana. Waɗannan waƙi'o'i sun sa an tsaurara dokokin zuwa bakin dutse, na'urori kuma sun rage buƙatar kusantarsa. A Najeriya matsalar da ta fi damun mai aikin daji ita ce tsaro, domin akwai wuraren da ba a shiga sai da shawarar mutanen gari da jami'ai.

Sannan guraben aiki da sunan masanin aman duwatsu kaɗan ne, ko a ƙasashen da ke da su. A Najeriya wuraren da suka fi kusa su ne jami'o'i, da NGSA, da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi ƙarƙashin hukumar sararin samaniya NASRDA, wadda ke kula da na'urorin auna girgiza. Girgizar da aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018 ba aman dutse ya kawo su ba, amma na'urori da dabarun nazarinsu ɗaya ne.

Wannan ne dalilin da ya sa mai hankali ke tara ƙwarewar da za ta ci da shi ko bai taɓa ganin wuta da ido ba. Wanda ya san tsofaffin duwatsun aman wuta zai yi aiki a neman ma'adinai. Wanda ya iya jiyofiziks zai nemo ruwa. Wanda ya iya hotunan tauraron ɗan'adam zai yi taswirar ambaliya da zaizayar ƙasa da gonaki. Akwai kuma lantarki daga zafin ƙasa: Kenya na samun kimanin kashi 40 cikin 100 na wutarta daga tururin yankunan aman wuta irin su Olkaria. Mai son yin aikin jiyoloji a Najeriya kuma zai yi rajista da majalisar COMEG.

'Yan mata ma fagen nasu ne. Mata da dama ne ke jagorantar bincike a fannin a yau, kuma ɓangarorin tauraron ɗan'adam da ɗakin gwaji ba sa buƙatar doguwar tafiya.

Abin da za a fara da wayar da ke hannu

Ba sai an jira gurbin karatu ba. A buɗe Google Earth, a nemo duwatsun Bagazam a Azbin, a ja hoton baya kaɗan: manyan da'irori za su bayyana a tsakiyar hamada. Daga nan a leƙa Riruwai, sannan tafkin Tila da ƙoƙunan Biu, a kwatanta tsohon da ya zaizaye da sabon da bakinsa ke nan.

A sauke manhajar Phyphox, wadda Jami'ar Aachen ta Jamus ta ƙirƙira. A ajiye waya a kan tebur, a buɗe ma'aunin motsi, a buga ƙafa a ƙasa, za a ga layi ya yi tsalle. Wannan ƙaramin ma'auni ne Google ke amfani da shi tun 2020 wajen gano girgizar ƙasa da wayoyin Android. Shafin Raspberry Shake kuma na nuna girgizar da ƙananan na'urori ke ɗauka a gidaje da makarantu a faɗin duniya.

A riƙa karanta rahoton mako-mako na shirin aman duwatsu na cibiyar Smithsonian. Zai koyar da kalmomin fannin, ya kuma gyara Turanci. A fara koyon Python da Pydroid 3 a waya, ko Google Colab a burauza. Idan an samu kwamfutar cinya mai RAM na gigabait 8, a saka QGIS, a zana taswirar duwatsu da rijiyoyin ƙaramar hukuma. Manyan hotunan tauraron ɗan'adam na cin data sosai, don haka ya fi sauƙi a sarrafa su a Google Earth Engine ba tare da an sauke su ba.

Wanda ya yi wata shida yana wannan zai gane ko sha'awarsa ta bidiyo ce ko ta aiki. Idan ta bidiyo ce, bai yi asara ba, ya fita da Python da zanen taswira, kuma duka biyun ana neman masu su. Idan kuwa ta aiki ce, to yana da abin da zai nuna wa malami a Zariya ko Jos ko Bristol ranar da zai rubuta wasiƙarsa ta farko.